Me Ke Faruwa a Ƙwaƙwalwa Lokacin Zaman Natsuwa na Mabiya Buddha? Tambayoyi da Amsoshi

Zaman natsuwa da mabiya addinin Buddha suka gada tun fiye da shekara 2,000 ya fito daga gidajen zuhudu na Asiya, ya shiga asibitoci da makarantu da wayoyin hannu. Ya zo da maganganu da yawa, wasu bincike ya tabbatar da su, wasu an ƙara musu gishiri, wasu kuma an gwada sun faɗi. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Wane irin zama ake nufi?

Ba abu ɗaya ba ne. Masu bincike sukan raba shi gida uku, don kowane gida da sassan ƙwaƙwalwar da yake sa wa aiki. Na farko shi ne tattara hankali a kan abu guda, galibi numfashi, duk lokacin da hankali ya zame a dawo da shi. A harshen Pali, wanda aka rubuta tsofaffin littattafan addinin da shi, ana ce masa samatha. Na biyu shi ne buɗe hankali ga duk abin da ya taso, ko ƙara ne, ko ƙaiƙayi, ko tunani, ko fushi, mutum ya lura da shi ba tare da ya bi shi ko ya kore shi ba. Wannan ne tushen vipassana. Na uku shi ne raya fatan alheri da tausayi a zuci, a fara da kai, sai masoyi, sai wanda ba ruwanka da shi, har a kai ga wanda kuke da saɓani. Sunansa metta.

Halarto da hankali, wato sanin abin da ke faruwa a jiki da zuciya a daidai lokacin da yake faruwa, shi ne abin da ukun suka haɗu a kai. Idan labari ya ce zaman natsuwa yana yin kaza, a fara tambayar wanne daga ciki aka gwada.

Yaya aka yi abin ya kai ɗakin bincike?

Tun a 1966 wasu likitoci biyu a Tokyo, Kasamatsu da Hirai, suka auna lantarkin ƙwaƙwalwar malaman Zen, wani reshen addinin Buddha a Japan, da almajiransu su 48. Sun ga igiyoyin alfa, waɗanda aka saba gani idan mutum ya rufe ido ya huta, suna bayyana alhali idanun mutanen a buɗe suke. Amma abin da ya buɗe ƙofar asibiti ya faru a 1979, lokacin da Jon Kabat-Zinn ya kafa shirin rage matsin rai a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Massachusetts a Amurka. Shirin, wanda ake kira MBSR, mako takwas ne: aji na kimanin awa biyu da rabi sau ɗaya a mako, yini guda cur na shiru wajen mako na shida, da aikin gida na minti 45 kwana shida a mako. Da yake tsarinsa ɗaya ne a ko'ina, sai ya yi daɗin gwadawa, shi ya sa yawancin alƙaluman da ake ambata a yau daga shi suka fito.

A ɗaya ɓangaren, tun 1987 Dalai Lama, jagoran mabiya Buddha na Tibet, ya fara zama da masana kimiyya a Dharamsala ta Indiya, cikinsu har da Francisco Varela, ɗan ƙasar Chile. A 1992 Richard Davidson na Jami'ar Wisconsin ya gana da Dalai Lama, daga baya 'yan zuhudun Tibet suka riƙa zuwa Madison, garin da jami'ar take, ana sa su cikin na'ura.

Da me ake ganin abin da ƙwaƙwalwa ke yi?

Na'urori biyu ne suka fi aiki. EEG hula ce mai ɗauke da ƙananan wayoyi da ake manna wa a fatar kai, tana kama lantarkin ƙwayoyin jijiya. Tana da sauri ƙwarai, tana ganin sauyin da bai kai kashi ɗaya cikin 100 na sakan ba, amma ba ta iya nuna ainihin wurin da abin ya fito, kuma motsin tsokar goshi ko muƙamuƙi yana gurɓata ta. Ita kuwa fMRI jini take bi. Sashen da ya yi aiki yakan jawo jini mai iskar oksijin, na'urar ta gane wurin har zuwa 'yan milimita, sai dai jinin yana makara da sakan huɗu zuwa shida.

Jan launi da ruwan ɗorawa da ake gani a hotunan jarida ba haske ne da ke tashi a kai ba. Lissafi ne na bambanci tsakanin yanayi biyu, an shafa masa launi. Kuma mai zaman natsuwa a cikin fMRI kwance yake rigingine cikin matsattsen bututu mai ƙara kamar ana buga ƙarfe, abin da ya yi nisa da yadda yake zama a gidansa.

Idan mutum na bin numfashi hankalinsa ya gudu, me ya faru a ciki?

Wannan ce tambayar da kimiyya ta fi ba da amsa mai gamsarwa a kanta. A 2001 Marcus Raichle na Jami'ar Washington da ke St. Louis ya bayyana cewa akwai wasu sassa da ke ƙara aiki idan mutum ba ya yin komai, su lafa idan aka ba shi aikin da ke bukatar hankali. Manyansu biyu ne, ɗaya a tsakiyar gaban ƙwaƙwalwa bayan goshi, ɗaya a tsakiya can wajen baya. Su ke aiki idan mutum na tuna abin da aka faɗa masa jiya, ko yana shirya abin da zai ce gobe, ko yana saƙa da warwara a kan kansa. A nan za mu kira su da'irar yawon tunani. Yawan lokacin da take ci ba kaɗan ba ne: a 2010 Killingsworth da Gilbert na Harvard sun riƙa aika tambaya ta waya ga mutum 2,250 a lokuta daban-daban na yini, suka samu cewa a kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan hankalin mutanen ba ya kan abin da suke yi.

A 2012 Wendy Hasenkamp a Jami'ar Emory ta sa masu zaman natsuwa 14 cikin fMRI na minti 20, ta ba kowa maɓalli ya danna duk sanda ya farga hankalinsa ya tafi. Da wannan dannawa aka yanka lokacin gida huɗu. Kafin dannawa, da'irar yawon tunani ce ke aiki. A daidai lokacin fargar, sai insula ta gaba, wadda ke ɓoye cikin ninkin gefen ƙwaƙwalwa, da wani sashe da ke kwance a saman gadar da ta haɗa ɓarin dama da na hagu su tashi. Aikinsu shi ne gane abin da ya cancanci a kula da shi. Daga nan ɓawon ƙwaƙwalwa na gefen goshi da na saman kai su ɗauke hankali daga tunanin su mayar da shi kan numfashi. A ƙarshe sashen gefen goshi ya ci gaba da riƙe shi, har ya sake zamewa.

Ma'anar wannan ga mai koyo babba ce. Gudun hankali ba ɓacin zama ba ne, domin sai ya gudu ake samun farga da dawowa, kuma waɗannan biyun su ne ake horarwa. Buddhaghosa, malamin da ya yi rubutu a Sri Lanka a ƙarni na 5, ya kwatanta abin da maraƙin da aka raba da uwarsa aka ɗaure a turke: zai yi ta fizga, ya gaji, ya kwanta a gindin turken. Numfashi ne turken, halarto da hankali kuma igiyar. A 2011 Judson Brewer a Yale ya auna ƙwararru 12 da suka haura awa 10,000 a matsakaici, ya ga manyan sassan da'irar yawon tunani sun fi lafawa a wurinsu fiye da na sababbi, a duk irin zaman da aka gwada.

To ba ana so a daina tunani gaba ɗaya ba ne?

A'a, kuma ƙoƙarin hakan yana ƙara dagula abin. Daniel Wegner ya nuna a 1987 cewa mutanen da aka hana tunanin farar dabbar beyar sun fi yawan tuna ta daga baya. Don ka tabbatar ba ka tunanin abu, dole wani sashe naka ya riƙa duba ko abin ya zo, wannan dubawar ita ke kiran sa.

Me aka gano a kan 'yan zuhudun Tibet?

Binciken da ya fi shahara shi ne na Antoine Lutz da Davidson a 2004. Sun ɗauki ƙwararru takwas da suka yi tsakanin awa 10,000 zuwa 50,000 cikin shekara 15 zuwa 40, suka kwatanta su da ɗalibai 10 da aka koya wa na mako guda. Da aka ce su raya tausayi, sai igiyoyin lantarkin ƙwaƙwalwa da ake kira gama, masu kaɗawa sau 25 zuwa 42 a sakan, suka yi ƙarfi sosai a wurin ƙwararrun, kuma sassa masu nisa da juna suka riƙa kaɗawa tare. Ko kafin su fara zaman ma, lantarkinsu ya bambanta da na ɗaliban. Cikin marubutan binciken akwai Matthieu Ricard, Bafaranshen da ya yi digirin digirgir a ilimin ƙwayoyin halitta a Cibiyar Pasteur kafin ya koma tsaunukan Himalaya.

Sakamako ne mai ban mamaki, amma yana da iyaka. Mutum takwas kaɗan ne. Sun girmi ɗaliban da shekaru masu yawa, abincinsu da tarbiyyarsu da rayuwarsu duk daban. Kuma ba wanda ya auna su kafin su shiga zuhudu, don haka ba a raba abin da horo ya kawo da abin da suka zo da shi ba. Binciken da ya fi kusa da warware wannan shi ne na Heleen Slagter a 2007, wadda ta auna mutum 17 kafin da bayan wata uku na vipassana. Idan aka wulga wa mutum lambobi biyu a jere cikin haruffa, tazararsu ba ta kai rabin sakan ba, yakan kasa ganin ta biyu don ta farko ta cinye hankalinsa. Bayan wata ukun, mutanen sun fi kama ta biyu, EEG kuma ta nuna sun rage ƙarfin da suke zubawa a kan ta farko.

Gaskiya ne mako takwas suna ƙara wa ƙwaƙwalwa kauri?

Wannan magana ta yaɗu fiye da kowacce, kuma ita ce ta fi rauni. Asalinta bincike biyu ne daga Boston. A 2005 Sara Lazar ta ga ɓawon ƙwaƙwalwar masu zaman natsuwa 20 ya fi na wasu 15 kauri a insula ta dama da wani yanki na gaba. A 2011 Britta Hölzel ta auna mutum 16 kafin da bayan MBSR, ta ba da rahoton ƙaruwa a hifokamfus, sashen da ke da hannu a ajiye abin tunawa. Abin bai zama baƙo ba, don an riga an ga irin wannan bambanci a hifokamfus na direbobin tasi na Landan a 2000.

Sai a 2022 Tammi Kral da Davidson kansa suka sake gwajin da mutum 218, aka raba su da ƙuri'a gida uku: masu MBSR, masu wani shirin lafiya mai tsawo ɗaya wanda babu zaman natsuwa a ciki, da masu jira. Ba a ga wani bambanci a kauri ko girman kowane sashe ba. Idan mutane kaɗan ne, kuma aka duba wurare da yawa a ƙwaƙwalwa, abu ne mai sauƙi wani wuri ya nuna bambanci bisa dace kawai. Rashin ƙaruwar kauri bai nuna horon banza ne ba, don sauyi a yadda sassa ke aiki tare ba lallai ya fito a awon girma ba. Amma duk wanda ya tallata maka shiri da alƙawarin sabuwar ƙwaƙwalwa cikin wata biyu, ya wuce inda hujja ta tsaya.

Yana rage zafin ciwo?

Yana ragewa, musamman ɓangaren damuwar da ciwon ke jawowa. A 2011 Fadel Zeidan a Jami'ar Wake Forest ya koya wa mutum 15 zama na minti 20 har kwana huɗu, sannan aka ɗora musu ƙarfe mai zafin digiri 49 na ma'aunin Selsiyas a sha-raɓa. Lokacin da suke bin numfashi, sun ce ƙarfin zafin ya ragu da kashi 40 cikin 100, rashin daɗinsa kuma da kashi 57. A 2016 ya sake gwaji da allurar naloxone, wadda ke toshe hanyar sinadaran kashe zafi da jiki ke samarwa da kansa, sauƙin bai gushe ba. Wato ta wata hanya daban yake bi.

Su ƙwararru, abin da ake gani a wurinsu shi ne sassan jin zafi suna aiki sosai, amma sassan fargabar zuwansa sun yi shiru kafin ya iso. Littattafan Buddha suna da misalin kibiya biyu: ta farko ciwon, ta biyu ƙorafi da tsoron da mutum ke ƙara wa kansa. Ta biyun ake ragewa. Gwajin zafi na 'yan mintuna a kan masu lafiya dai ba ɗaya yake da ciwon baya na shekaru ba, inda sauƙin da ake samu matsakaici ne. Kuma ciwon da ba a san sababinsa ba, likita yake bukata.

Zai iya maye gurbin maganin ciwon damuwa ko fargaba?

A 2014 Madhav Goyal da abokansa a Jami'ar Johns Hopkins suka tace gwaje-gwaje 47 masu mutum 3,515. Sun samu hujja matsakaiciya cewa halarto da hankali na rage fargaba da ciwon damuwa da zafin ciwo, ragin kuma daga kaɗan ne zuwa matsakaici. Ba su ga ya fi magani ko motsa jiki ko sauran hanyoyin jinya ba.

Inda ya fi tsayawa da ƙafarsa shi ne hana ciwon damuwa dawowa. Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale sun haɗa shi da dabarun gyaran tunani suka kira shi MBCT. A gwajinsu na 2000, cikin waɗanda ciwon ya taɓa kamawa sau uku ko fiye, dawowarsa ta sauka daga kashi 66 zuwa kimanin kashi 40 cikin 100 a mako 60. Waɗanda ya kama sau biyu kacal ba su amfana ba. A 2015 Willem Kuyken a Ingila ya kwatanta shi da ci gaba da shan magani a kan mutum 424 na shekara biyu, ya dawo wa kashi 44 na masu MBCT da kashi 47 na masu magani, wato kusan kunnen doki. A 2022 Elizabeth Hoge a Jami'ar Georgetown ta samu MBSR bai gaza maganin escitalopram ba a kan masu ciwon fargaba 276 cikin mako takwas.

Dalilin da ake gani shi ne mai ciwon yana koyon kallon tunani irin “ni ba ni da amfani” a matsayin abin da ya taso zai wuce, tun kafin ya ja shi cikin ramin nanatawa. Akwai binciken Matthew Lieberman na 2007 da ya nuna ko sa wa motsin rai suna kawai, kamar “fushi” ko “tsoro”, yana rage aikin amigdala, ɗan sashen da ke saurin amsa barazana.

A gwajin Kuyken, masu rage magani a hankali suka yi, ƙarƙashin kulawar likita. Yanke maganin damuwa farat ɗaya yana kawo jiri da rashin barci da dawowar ciwon. Kada a yi shi.

Shin raya tausayi ba ya ƙara wa mutum nauyin baƙin cikin wasu?

Tania Singer da Olga Klimecki a Leipzig ta Jamus sun raba abu biyu da ake haɗawa. Da aka horar da mutane su ji raɗaɗin wani kamar nasu, insula ta gaba da sauran sassan jin ciwo suka ƙara aiki, mutanen kuma suka ƙara shiga ƙunci. Da aka koya musu metta, wato fatan sauƙi ga mai wahala da niyyar taimaka masa, sai aikin ya koma sassan da ke da alaƙa da ƙauna da lada, ƙuncin ya sauka. Wannan darasi ne mai amfani ga ma'aikatan jinya da masu kula da marar lafiya a gida. A babban aikin Singer na wata tara, horon da ya shafi tausayi da fahimtar wasu ne ya rage tashin kotisol, sinadarin da jiki ke fitarwa idan rai ya matsu, lokacin da aka sa mutane cikin matsi, da kusan rabi. Bin numfashi shi kaɗai bai yi hakan ba, ko da yake masu yin sa sun ce sun ji sauƙi.

Yaya ake yin zaman bin numfashi daidai?

Zauna a kujera ƙafafu a ƙasa, ko a kan matashi mai tsayin da zai sa ƙugu ya ɗan fi gwiwa tudu. Baya a miƙe ba tare da ƙanƙamewa ba, hannuwa a kan cinya, ido a rufe ko a sunkuye yana kallon ƙasa kamar taku biyu a gabanka. Sa agogo minti 10 don kada ka riƙa dubawa.

Zaɓi wuri ɗaya da ka fi jin numfashi, ko bakin hanci inda iska ke shiga da sanyi ta fita da ɗumi, ko ciki da ke tashi yana sauka. Tsaya a wurin har ƙarshen zaman. Kada ka ja numfashi da gangan, bar shi yadda ya zo. Idan hankali ya ƙi zama, ƙirga kowace fitar numfashi daga ɗaya zuwa goma, ka koma ɗaya. Da ka farga ka tafi, ce “tunani” a zuci sau ɗaya, ka dawo, ka fara ƙirga daga farko. Kada ka tsaya yi wa kanka faɗa, don faɗan ma wani yawon tunanin ne.

Yi haka kullum a lokaci ɗaya na mako biyu, sannan ka ƙara minti biyar-biyar har zuwa 20 ko 30. Ko a MBSR ma, wani nazari na 2017 ya nuna mahalarta kan yi kimanin kashi 64 cikin 100 na aikin gidan da aka ba su, wajen rabin awa ke nan a rana, kuma waɗanda suka fi yi sun ɗan fi amfana.

Waɗanne matsaloli sababbi suka fi gamuwa da su?

Gyangyaɗi ne na farko. Ido a rufe, jiki ba motsi, ƙwaƙwalwar da ake bi bashin barci za ta karɓi abinta. Buɗe ido, miƙe baya, ko ka yi zaman a tsaye ko kana tafiya a hankali kana jin tafin ƙafa. Guji yin sa bayan cin abinci mai nauyi.

Jiri da jin tsikari a yatsu suna zuwa ne idan mutum ya riƙa jan dogon numfashi da sauri. Hakan na fitar da iskar kabon da yawa daga jini, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa su tsuke. Maganinsa a saki numfashi ya koma yadda yake. Ciwon kai da nauyin goshi kuwa daga matsa ido da haɗe gira ne, alamar ana tilasta wa hankali. Mutuwar ƙafa tana faruwa idan an danne jijiyar da ta bi ta gefen gwiwa. Sauya zama, kuma kada ka miƙe sai jin ƙafar ya dawo, don ana faɗuwa a haka. Ciwo mai suka a gwiwa ba abin jurewa ba ne, a koma kujera.

Da yawa kuma sukan ce tunaninsu ya ƙaru tun da suka fara. Galibi farga ce ta ƙaru, suna ganin abin da dā yake wucewa ba su sani ba. Tsofaffin littattafan sun lissafa cikas biyar tun tuni: kwaɗayi, ƙiyayya, kasala da barci, rashin sukuni da nadama, sai shakka.

Manhajojin waya fa, da koyar da yara a makaranta?

Manhaja na iya taimaka wa mai farawa ya riƙe lokaci, amma yawancin masu saukewa suna watsar da ita cikin 'yan makonni, kuma ba ta ganin fuskarka balle ta gane ka shiga wani hali. Game da yara, gwaji mafi girma shi ne MYRIAD a Birtaniya, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2022. Ya ƙunshi ɗalibai fiye da 8,000 'yan shekara 11 zuwa 14 a makarantu sama da 80. Darasin halarto da hankali bai fi darussan da aka saba ba wajen kare lafiyar tunaninsu, kuma yawancin yaran ba su yi aikin gidan ba. Abin da babba ya zaɓa da kansa daban yake da abin da aka ɗora wa yaro a aji.

Ni Musulmi ne, ko Kirista. Wannan bincike yana nufin addinin Buddha gaskiya ne?

Na'ura ba ta auna gaskiyar aƙida. Tana nuna abin da ƙwayoyin jijiya ke yi idan an maimaita wani aikin hankali, ba ta da ta cewa a kan sake haihuwa ko nibbana, wanda shi ne burin masu addinin. MBSR da MBCT an cire musu sujada ga gunki da addu'o'i da alƙawarin bin Buddha, amma tushensu daga can yake, ba daidai ba ne a ɓoye hakan. Wasu malaman addinin Buddha ma suna sukar wannan cirewar, suna cewa an ɗauki dabara an bar tarbiyyar da ta zo da ita. Hukuncin halasci ko rashinsa na malaman addininka ne, kuma zai fi kyau ka bayyana musu ainihin abin da ake yi a zaman, mataki-mataki. An yi wasu ƙananan gwaje-gwaje a kan salla da zikiri da addu'ar Kiristoci, amma ba su kai yawa da girman waɗanda aka ambata a nan ba, don haka ba a ɗauki alƙaluman wannan a liƙa wa wancan.

Yana iya cutarwa? Yaushe ya kamata a tsaya?

Yana iya yi, kuma an daɗe ba a ba wannan muhimmanci ba, don gwaje-gwaje da yawa ba su ma tambayi mahalarta ba. Willoughby Britton da Jared Lindahl na Jami'ar Brown sun yi hira da masu zaman natsuwa 60 da suka shiga wahala, suka fitar da nau'i 59 na abubuwan da ke faruwa a 2017: tsoro mai tsanani, rashin barci, ganin haske, dawowar mummunan abin da ya taɓa samun mutum kamar yanzu yake faruwa, jin kamar jikinsa ba nasa ba ne, ko dusashewar motsin rai har ya daina jin daɗin iyalinsa. A 2021 Britton ta bi mutum 96 da suka yi shiri irin na mako takwas, kashi 58 cikin 100 sun gamu da aƙalla abu ɗaya marar daɗi, kashi 6 zuwa 14 kuma abin ya daɗe musu.

Bayanin da Britton ke bayarwa shi ne abin da ke da amfani a ɗan ƙima yana juyewa idan ya yi yawa. Kula da jiki yana ƙara aikin insula, ga mai saurin firgita kuwa hakan na nufin jin kowane bugun zuciya da ƙarfi. Danne amigdala yana rage tsoro, idan ya zarce ya rage farin ciki tare da shi. Haɗarin ya fi yawa a zaman keɓewa mai tsawo, kamar na kwana 10 a tsarin S. N. Goenka, wani malamin vipassana, inda ake tashi ƙarfe huɗu na asuba, a yi kimanin awa 10 a zaune, ba magana, abincin dare kuma ɗan kaɗan ne ko babu. Ƙarancin barci shi kaɗai yana iya tayar da ciwon da ke kwance.

Wanda ya taɓa samun taɓin hankali mai sa ji ko ganin abin da babu, ko ciwon da ke kai mutum ƙololuwar zumuɗi ya dawo da shi ƙasa, ko wanda ya tsira daga hari, garkuwa ko fyaɗe, kada ya fara da dogon zama shi kaɗai, kuma ya shawarci likita tukuna. Idan bin numfashi na jawo firgici, buɗe ido, mayar da hankali kan sautin waje ko tafin ƙafa, ka rage zaman zuwa minti uku ko biyar. Idan barci ya ƙaurace dare biyu ko uku a jere, ko jin rabuwa da jiki ya wuce lokacin zaman, ko tunanin kashe kai ya zo, a dakatar da zaman gaba ɗaya a ga likitan ƙwaƙwalwa. Malamin da ya ce ka ƙara zama abin zai wuce, kada ka bi shawararsa a wannan hali. A arewacin Najeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, asibitocin koyarwa na jami'o'i ma suna da sashen. A gaya wa likitan irin zaman da ake yi, minti nawa a rana, da ranar da alamun suka fara.